Akwatin da Bulus Ya Gina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Abba, mai sunan Malam.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka Legas lami lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa. Na ba mahaifiyarka na ce ta cusa maka ita a ƙasan jaka, don na san sai ka sauka za ka gan ta. Da gangan na yi haka. Ni da kai in muka zauna magana, kafin a je ko'ina murya ta tashi, kai ba ka bari, ni ba na bari. Ban ga laifinka ba, a wurina ka kwaso.

Maganar ranar Talata ce ta hana ni sakat. Ka shigo zaure da takardu huɗu da ka bugo a shagon intanet a Kano, kana karanta mini kana dariya. Ka ce Kabiru, wanda kuka yi jami'a tare, ya rubuta manhajar da wasu makarantu suke haɗa sakamakon jarrabawa da ita, kuma ka gano cewa in yara biyu suna da suna iri ɗaya, sai ta ɗauki makin wannan ta ba wancan. Ka ce da ka isa wurin aikinka za ka liƙa rubutun a zauren intanet inda 'yan sana'arku suke taruwa, da sunansa a sama. Har ka karanta mini inda ka ce gara a karɓe kwamfutar daga hannunsa a miƙa masa fartanya.

Na tambaye ka, ka yi magana da shi? Ka ce, "Baba, me zan ce masa? Ba za ka gane ba. Mu a sana'armu a fili ake gyara, don kowa ya koya. In na yi shiru ai yaran mutane ne za su cutu."

Na bar maganar a nan, ka ɗauka ka kayar da ni. Ba haka ba ne. Wani abu ne ya faɗo mini a rai, wanda shekara goma sha tara ina ɗauke da shi, ko mahaifiyarka ban taɓa gaya wa ba sai a 'yan kwanakin nan. Gaskiyarka, ban san kwamfuta ba. Ko wannan wayar hannun da ka saya mini, dannawa ɗaya na iya. Amma na san aikin da mutum zai yi ya tafi, wasu su zo su dogara da shi ba tare da sun san yadda aka yi shi ba. Shekara talatin ina gina irin wannan a bakin kanal.

Kana ɗan shekara biyar lokacin, ba za ka tuna Bulus ba. Magini ne mutumin Filato, ya zo nan Kura da matarsa da 'ya'yansa biyu lokacin da aikin magudanan ruwa yake tashe. Sa'ana ne, tare muke aiki, ni ke awo shi ke ɗora bulo, don hannunsa ya fi nawa laushi a siminti, ko da yake a lokacin ko za a yanka ni ba zan faɗa ba. Mutum ne marar yawan magana. Ranar Kirsimeti matarsa ta kawo mana shinkafa da miya, ranar Sallah mu aika musu da nama, haka muka zauna shekara shida.

Sai ƙungiyar manoman sashenmu ta ba mu aikin akwatin rabon ruwa. Ka san shi, shi ne wanda ke bayan gonar baffanka, inda ruwa yake fitowa daga kanal ya rabu biyu, wani ya yi gabas wani ya yi yamma. Duk sirrin wannan gini a bakunan nan biyu yake. Dole su zama daidai wa daida. In ɗaya ya ɗara ɗaya tsayi ko da yatsa biyu ne, ruwa zai bi ta mai ƙasa, masu ɗaya ɓangaren su yi ta kallon sama.

Yadda muke awo kuwa, tiyo ne dogo mai haske, a cika shi da ruwa, mutum ɗaya ya riƙe wannan baki, ɗaya ya riƙe wancan, inda ruwan ya tsaya nan ne lebur. Abu ɗaya kowane magini ya sani tun ranar da ya fara: kafin ka auna, ka bi tiyon nan da ido daga farko har ƙarshe, ka fitar da duk iskar da ta maƙale a ciki. In akwai iska, ruwan zai yi maka ƙarya kana kallo. Ranar ana cin kasuwar Bunkure, ina sauri in samu mota. Na cika tiyo, na auna, na buga ƙusa a jikin kowane fegi, na shafa jan fenti. Bulus ya tsaya yana kallo, ya karkata kai ya ce, "Malam Ɗahiru, anya wannan na gabas ɗin bai yi sama ba?"

Na ce, "Ido ne zai gaya maka lebur ko ruwa? Bi abin da na zana maka."

Ya ce to. Ya bi.

Da aka saki ruwan rani, masu yamma har fangalinsu yana ambaliya, masu gabas kuwa ɗan tsiyaye suke samu. Dashen tumatir ne sabo, kwana biyar ya fara langaɓewa. Aka kira taro bayan la'asar a gindin mangwaron nan na bakin kwalbati, mutum ya fi sittin, rai a ɓace. Bulus yana zaune a gefe a kan bulo, hularsa a gwiwa.

Abba, ba wanda ya kira sunana. Ni na miƙe da kaina. Kuma kada ka ce na tashi ne don in rufa wa kaina asiri, wallahi a lokacin na sakankance laifinsa ne, ko kusa ban tuna da tambayar da ya yi mini ba. Abin da ya tashe ni shi ne ina son a ji ni. An san ni da baki, in na yi magana sai an yi dariya, kuma ina jin daɗin hakan. Na ce ni awo na yi, gini ba ni na yi ba. Na ce wanda ya gina wannan akwati ko akurkin kaji aka ba shi sai kajin sun kai ƙara. Na ce akwai masu riƙe cokalin gini da ya kamata a ba su cokalin miya. Wuri ya kaure da dariya, har masu tumatir ɗin da ke mutuwa suna dariya. Ni kuwa sai ƙarawa nake yi.

Da na gama Bulus ya ɗago kai ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon wanda yake jiran ka tuna wani abu. Ban tuna ba. Ya sa hularsa ya tafi.

Ranar Talata da kake karanta mini maganar fartanya, muryata na ji a bakinka, har yadda kake dakatawa ka ba mutum damar dariya. Don haka abu na farko da zan gaya maka shi ne ka binciki abin da ya sa kake son liƙa rubutun nan. Ka ce don yara. To, ka karanta shafukan nan huɗu kai kaɗai, ka ja layi a ƙarƙashin duk maganar da za ta mayar wa yaro makinsa, ka ga nawa za su rage. Sauran duk naka ne, don a ce Abba ya iya. Na san daɗin wannan abu, ba ya wuce yini ɗaya.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, shi ne wanda na daɗe ina ɓoyewa.

Ƙungiya ta ce ni zan rushe bakin gabas in sake shi. Na je da sassafe ni kaɗai da guduma. Da na kwashe ƙasar da ta rufe gefen ginin, sai ga fegina yana nan inda na kafa shi, ga ƙusa, ga jan fenti. Na ja igiya daga ƙusar zuwa bakin ginin. Abba, ko ƙwayar gero ba za ta shiga tsakaninsu ba. Mutumin nan ya bi alamata kamar yadda na ce masa, tsaf, aiki mai kyau a kan awon banza. Na ɗauko tiyo na sake aunawa, na fitar da iska a wannan karon, sai ga alamata ta haura da yatsa uku. Nan take tambayarsa ta dawo mini, har da yadda ya karkata kai.

Ka san me na yi? Na waiga gabas da yamma, ba kowa sai balbelu. Na tumɓuke fegin na jefa shi a kanal.

Na ce wa kaina zan same shi a gida in ba shi haƙuri. Yau, gobe, jibi. Sau biyu ina zuwa har ƙofar gidansa in wuce kamar wani wuri za ni. Abin da ya hana ni, na san haƙurin cikin gida ba zai wadatar ba. A gaban mutum sittin na zubar masa da mutunci, a gaban mutum sittin ya kamata in mayar masa, ni kuwa ba zan iya tsayawa a gindin mangwaron nan in ce ni ne ba. Cikin 'yan watanni ba mai kiransa aiki, ko shingen makewayi. Mutane na wucewa suna ce masa mai akurki. Kafin damina ta faɗi ya kwashe iyalinsa. Ina kan keke na hango su a bakin titi, kaya a ɗaure, matarsa ta ɗaga mini hannu. Na ɗaga mata, ban tsaya ba.

Ga abin da zan ce maka a nan, guda biyu ne a haɗe. Kafin ka zargi ginin mutum, ka nemi fegin da aka kafa masa. Ka san abin da makarantun nan suka ce wa Kabiru ya yi? Ka san ko ya taɓa karkata kai ya ce anya, aka ce masa bi abin da aka zana maka? Ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, tunda ba ka tambaya ba. Mai yiwuwa sakacinsa ne tsagwaronsa, ba na musu. Amma tambaya ɗaya ce, kuma kana da lambarsa a wayarka. Sa'an nan kai ma ka bi naka tiyon da ido, ka tabbata abin da ka gani haka yake, ka sake gwadawa sau biyu sau uku. Na biyun kuma, duk ranar da ka faɗi magana a kan mutum a bainar jama'a ta zamo ba daidai ba, ka koma wurin da ka faɗe ta, da irin muryar da ka faɗe ta, ka janye. Kada ka jira gobe, kullum nauyin ƙaruwa yake yi. In ka san ba za ka iya wannan ba, to tun farko ba ka da ikon buɗe baki.

Yanzu kada ka ce tsohon nan so yake in kama bakina kawai, in bar ɓarna ta yi ta tafiya. A'a. Wannan ma na gwada shi, shi ne kuskurena na uku.

Bayan tafiyar Bulus sai na zama wani iri. Na rantse ba zan ƙara cewa komai a kan aikin kowa ba. Mutane suka ce Malam Ɗahiru ya girma, ya yi sanyi. Ba girma ba ne, tsoro ne. Bayan kamar shekara huɗu aka ba wani magini gyaran bangon ƙaramar magudana, wadda ke kai ruwa gonakin ƙarshe. Na wuce yana aiki, na ga bai daddaɓe ƙasar da ke bayan bangon ba, haka ya shafe ta da siminti, ta yi kyau a ido. Na san ba za ta kai ko'ina ba. Na ce masa sannu da aiki, na wuce. Bayan sati uku na ga tsaga ta fito, ruwa yana tsattsafowa. An yi taro har biyu a tsakanin, ina zaune, ban ce komai ba.

Ta fashe tumatir yana fure. Ruwa ya kwanta a gonar Malam Isiyaku, dattijon nan mai gonar da ke daf da wurin, ya ruɓar masa da komai. Masu gonakin ƙarshe kuma suka yi kwana tara ba ɗigo. Muna tsaye a kan ɓaraguzan Malam Isiyaku ya dube ni ya ce, "Ɗahiru, kai da kake bin hanyar nan kullum, ba ka ga alama ba?" Na ce masa ikon Allah ne. Ikon Allah ne kam, amma na gani.

Ka ga ke nan ban ce ba ka da gaskiya ba. Kana da rabinta, kuma rabin mai nauyi. Aikin da jama'a suka dogara da shi ba sirrin mai shi ba ne. Yarinyar da aka ba ta makin wata Aisha daban, aka ce ta faɗi, ba ta san Kabiru ba, ba ta san akwai wata manhaja ba, kuka kawai za ta yi ta koma gida. Irin su ne masu gonakin ƙarshe, ba su ga inda aka yi ginin ba, ƙishirwar kawai ke iso musu. In ka yi shiru don kunya ko don kada a ce ka cika baki, kai ma da hannunka a ciki.

Abin da na kasa ganewa sai da na tsufa shi ne, tsakanin abin da na yi wa Bulus da abin da na yi wa Malam Isiyaku akwai hanya, kuma ba wuya gare ta ba. Ka kira Kabiru. Ka ce masa ga abin da na gani, ga yadda na gwada, duba ka gani. In ya gyara, ya sanar da makarantun, shi ke nan, kuma in kuna so ku rubuta wa 'yan sana'arku ku biyu yadda abin ya faru don wani ya kiyaye, ka ga an koya a fili kamar yadda kake so. In ya ƙi ji, ko ya ce a rufe, to ka gaya masa baki da baki cewa za ka faɗa, sa'an nan ka faɗa, kada ka ji tsoron kowa. Amma ka faɗi inda tsagar take, da wanda za ta cuta, da yadda za a toshe ta. Maganar fartanya ka bar ta a aljihunka. Ubanka ma da fartanya ya biya maka makaranta, ban san ranar da ta zama abin zagi ba.

Kuma kai da bakinka ka taɓa gaya mini cewa abin da aka rubuta a intanet ba ya gogewa, ko bayan shekara goma wanda ya nemi sunan mutum zai gani. Ni da baki kawai na yi tawa, a gindin bishiya, ba takarda ba alƙalami. Bari in gaya maka tsawon ranta.

Da ka tafi Kano ranar Alhamis yin sallama da 'yan'uwa, an yi taron ƙungiya kan yasar kanal. Maganarka ce ta tunzura ni. Da aka gama na ce ina da magana. Na miƙe na ce jama'a, akwatin nan na bayan gonar ƙanena da ya taɓa kashe wa mutanen gabas dashe, ba laifin Bulus ba ne, ni na yi awo da iska a tiyo, na gano daga baya na ɓoye. Na ce ina neman gafarar Allah, ina neman a shaida.

Na ɗauka za a yi salati, ko a zage ni. Da an zage ni da na ji sanyi. Sai kawai aka yi ta kallona. Yawancinsu 'ya'yan waɗanda suka halarci wancan taron ne, iyayen sun rasu. Wani ya ce, "Baba, wane Bulus?" Aka yi ta tambayar juna. Can sai wani tsoho daga baya, wanda kunnensa ya yi nauyi bai ji abin da na ce ba, sunan kawai ya tsinta, ya ce, "Bulus? Na tuna shi mana. Ba shi ne maginin nan da bai iya aiki ba?"

Shekara shida mutumin nan ya yi a garin nan. Rabin kwalbatocin da muke takawa shi ya gina su, har yau ko tsaga babu. Abin da ya rage nasa a Kura ke nan, kuma ni na ba su. Na yi cigiya a wurin mutanensu da ke cocin bakin hanya, ba wanda ya san garin da ya koma, ba wanda ya san ko yana raye. Na nemi in biya a lokacin da babu wanda zan biya.

Kai naka yana raye, ka san inda yake, kuma ba ka riga ka yi komai ba. Ka kira shi kafin ka zauna a gaban kwamfutar ofis.

Mahaifiyarka tana sa maka albarka, ni ma na sa maka. Ka riƙe salla, ka ci abinci a kan lokaci, ka girmama na gaba da kai a wurin aiki ko da ka fi su sani. Allah Ya tsare ka a garin da ba ka san kowa ba, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa albarka a hannunka da abin da yake rubutawa, Ya dawo mana da kai lafiya. In ka ɗaga hannu kana addu'a, ka roƙa wa ubanka gafara a kan wannan. Allah kada Ya nuna maka ranar da za ka miƙe neman wanke mutum, a tambaye ka wane ne shi.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ɗahiru magini, Kura.